Yashi a rijiyoyin mai na tsakiyar teku: yadda ake gyara, da inda abin ya shafi kason Katsina

An ɗora kasafin kuɗin tarayya na 2025 a kan zaton cewa Najeriya za ta riƙa haƙo ganga miliyan 2.06 na ɗanyen mai a kullum, a sayar da kowace ganga dala 75. Ba a cimma wannan adadi ba. Tun watan Oktoban 2024 hukumar da ke sa ido kan haƙar mai, NUPRC, ta ƙaddamar da shirin ƙara ganga miliyan ɗaya a rana, kuma cikin hanyoyin da jami'ai suka fi ambata akwai farfaɗo da rijiyoyin da aka rufe da waɗanda man da suke bayarwa ya ja baya.

A Katsina da Daura, in aka ji a rediyo cewa mai ya ragu, hankali yakan tafi kan ɓarayin mai da masu fasa bututu. Game da rijiyoyin kan tudu da na fadamun Neja Delta haka abin yake, kuma shi ne babban dalilin da ya sa a watan Satumbar 2022 abin da ake haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana. Amma akwai wani rukunin rijiyoyi can tsakiyar teku, waɗanda mansu ba ya bi ta bututun da ke ratsa ƙauyuka, kuma kwale-kwalen ɓarawo ba ya isa gare su cikin sauƙi. Su ma suna raguwa. Tsufa ne babban dalili, kuma cikin cututtukan da ke kama rijiya idan ta kwana biyu, yashi na daga cikin mafi wuyar magani.

Waɗanne rijiyoyi ke nan

Dokar masana'antar man fetur ta 2021, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, ta ɗauki duk inda zurfin ruwa ya haura mita 200 a matsayin teku mai zurfi. Filin Abo na kamfanin Eni ne ya fara ba da mai a irin wannan zurfi a 2003. Bonga na Shell ya biyo baya a Nuwambar 2005, yana kilomita 120 daga gaɓa, wato ya fi nisan Katsina zuwa Daura, a ruwan da zurfinsa ya wuce mita 1,000. Sai Erha na ExxonMobil a 2006, Agbami na Chevron a 2008, Akpo a 2009, Usan a 2012, da Egina na TotalEnergies a ƙarshen 2018. Ke nan manyan cikinsu sun shekara goma sha biyar zuwa ashirin suna aiki. Bonga kaɗai ya cika ganga biliyan ɗaya a 2023.

A irin wannan wuri ba a kafa dandamali mai ƙafafu. Kan rijiyar, wato tarin bawulolin da ke buɗe ta da rufe ta, yana zaune ne a ƙasan teku. Daga nan bututu ke ɗaukar man ya hau da shi zuwa wani katafaren jirgi da ake kira FPSO, wanda ke raba mai da ruwa da gas, ya ajiye man, jiragen dakon mai su zo su yi lodi. A zurfin mita 1,000 matsin ruwa ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau ɗari, sanyin ya kai wajen digiri 4, babu haske ko kaɗan. Ɗan Adam ba ya nutso zuwa can. Duk abin da za a taɓa, na'urar nutso ce da ake sarrafawa daga jirgi za ta taɓa shi.

Waɗannan filaye sun ƙara muhimmanci a 'yan shekarun nan. Eni ya sayar wa Oando harkarsa ta kan tudu a 2024, ExxonMobil ya sayar wa Seplat ta bakin gaɓa a ƙarshen shekarar, Shell ya miƙa wa Renaissance tasa a 2025. Dukkansu sun riƙe na tsakiyar teku.

Daga ina yashin yake fitowa

Mai ba ya kwance a ƙarƙashin ƙasa a matsayin tafki. Yana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin dutse. A tekun Najeriya dutsen nan yashi ne da kogin Kwara da Binuwai suka yi miliyoyin shekaru suna kwasowa suna jibgewa a bakin teku. Idan tarin ya yi nauyi sai ya zaftare, ya gangara zuwa zurfi, laka ta rufe shi, wani ya sake zaftarowa a kai. A ma'aunin masana duwatsu wannan yashi yaro ne, bai daɗe a binne yadda zai manne ya zama dutse mai tauri ba. Wani in an ciro samfurinsa ana iya murje shi da yatsu.

Alherin filayen yana nan, matsalarsu ma tana nan. Saboda yashin bai matse ba, mai yana ratsa shi cikin sauƙi, har rijiya ɗaya takan ba da dubban ganguna a rana, abin da ke sa kashe biliyoyin daloli a tsakiyar teku ya zama ciniki. Saboda wannan rashin mannewar kuma, man da ke gudu zuwa rijiya yana iya jan ƙwayoyin yashin ya taho da su.

Abubuwan da ke tayar da yashin sanannu ne. Na farko ƙarfin zuƙa: iya buɗe rijiya, iya bambancin matsi tsakanin dutsen da cikin bututu, iya ƙarfin da ke fizgar ƙwayoyin. Na biyu yana zuwa da shekaru. Tun farko man da ke cikin ƙofofin yana taya yashin ɗaukar nauyin ƙasar da ke samansa. Da aka kwashe man, matsinsa ya ragu, sai nauyin ya koma kan ƙwayoyin kaɗai, su fara farfashewa. Na uku, wanda injiniyoyi suka fi tsoro, shi ne isowar ruwa. Kusan duk waɗannan filaye ana tura musu ruwa ta wasu rijiyoyi na daban don ya koro man, kuma ko ba daɗe ko ba jima ruwan zai iso rijiyar da ke fitar da mai. Idan ya iso yakan warware ɗan danƙon da ke riƙe ƙwayoyin, ya kwaso ƙananan ɓarɓashi. Rijiyar da ta shekara goma lafiya lau tana iya fara aman yashi cikin watannin da ruwa ya bayyana. Akwai kuma kashewa da kunnawa ba shiri, musamman a rijiyoyin tura ruwa, inda tsayawar famfo farat ɗaya ke aika wata girgiza zuwa ƙasa ta motsa yashin.

Kariyar farko da yadda take lalacewa

Duk wanda ya tsaya ya ga ana haƙa rijiyar burtsatse a ƙasa mai rairayi irin ta Daura ko Mai'aduwa ya san tsarin: ana saka bututu mai tsaga-tsaga daidai inda ruwa yake, a zuba tsakuwa a kewaye da shi, ruwa ya ratsa, yashi ya tsaya. In mai haƙar ya yi ha'inci a tsakuwa, famfo ya dinga jawo yashi har ya ci kansa. Rijiyar mai a teku wannan dabarar take bi, sai dai a nisan kilomitoci ƙarƙashin ƙasan teku, da kayan da aka auna da tsananin kula.

Ana saka rariyar ƙarfe, ko dai ta waya da aka naɗe da 'yar tazara, ko ta saƙar ƙarfe hawa-hawa. A wasu rijiyoyin rariyar kaɗai ake bari. A mafi yawa ana tura tsakuwa ta musamman ta cike tsakanin rariyar da bangon rami, kuma ƙa'idar da injiniya Saucier ya fitar a 1974 ita ce har yau ake farawa da ita: girman tsakuwar ya ninka na yashin wurin sau biyar zuwa shida. In ta fi haka girma yashi ya ratsa ta, in ta yi ƙanƙanta ta shaƙe man. Wata hanyar kuma ita ce a tsaga dutsen da matsi, a cusa tsakuwar cikin tsagar, don man ya sami faffaɗar hanya ya shigo a hankali.

Ana tsara wannan kariya ne don ta kai ƙarshen rayuwar rijiya, amma ba kullum take kaiwa ba. Yadda ta fi lalacewa shi ne ta toshewa. Ɓarɓashi da tsatsa da gishirin da ke daskarewa sukan toshe yawancin rariyar, sai duk man ya koma yana kutsawa ta 'yar kafar da ta rage. Gudunsa a nan ya ninka, ƙananan ƙwayoyin da ke cikinsa su dinga goge ƙarfen har su huda shi. Da zarar an sami huda, tsakuwa da yashi sun sami ƙofa. Wani lokacin kuma tun ranar sakawa aka bar gurbi babu tsakuwa, ko rariyar ta karce a hanyar sauka, ko ƙasa ta dafe ta lanƙwasa bututun.

Yashin da ya shigo ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wani ya kwanta a gindin rijiya ya binne inda mai ke shigowa. Wani ya hau da gudu ya ci bawul ɗin da ke daidaita gudun mai, ya ci gwiwoyin bututu, ya taru a tankunan jirgi. Haɗarin da ya fi girma shi ne ya huda wani abu a ƙasan teku mai ya malale. Saboda haka ake maƙala na'urorin sauraro a jikin bututu, masu jin ƙarar ƙwayoyin yashi idan suna bugun ƙarfe. Idan ƙarar ta wuce iyaka, ma'aikata ba su da zaɓi illa su rage gudun rijiyar ko su rufe ta. Daga wannan lokaci ne ake fara maganar gyara, wato dawo da kariya ga rijiyar da ta riga ta yi shekaru tana aiki.

Hanyoyin gyara

Kafin a taɓa komai sai an gano inda yashin ke shigowa, kuma wannan kansa aiki ne. Ana zura na'urori da waya zuwa ƙasa: mai auna faɗin bututu, mai auna inda mai da ruwa ke shigowa, kyamara, da mai gano gurbin da babu tsakuwa. Gyaran da aka yi ba tare da wannan bincike ba shi ne ya fi zama gyaran gangar Auzinawa, a kashe kuɗi a rufe sashen da ke ba da mai a bar mai ba da yashi.

Mafi sauƙi shi ne a shaƙe rijiyar, a rage gudunta zuwa inda yashi ya daina fitowa. Ba a kashe ko kwabo wajen hayar jirgi, shi ya sa ake yawan yi. Amma hasarar tana tafiya kullum. A ɗauki misali na lissafi kawai: rijiyar da ke ba da ganga 10,000 a rana, in aka rage ta da rabi, a farashin dala 75, ana barin dala 375,000 a ƙasa kowace rana, kusan dala miliyan 137 a shekara. Man bai ɓace ba, amma ba lallai a same shi duka daga baya ba, domin jirgin FPSO da yarjejeniyar haƙar duk suna da wa'adi.

Mataki na gaba shi ne wanke ramin. Ana zura wani dogon bututun ƙarfe mai laushi da ake naɗewa a kan faifai, a tura ruwa ta cikinsa ya tayar da yashin ya fito da shi. Wanki yana buɗe hanya amma ba ya toshe hudar, don haka share fage ne kawai.

Daga nan hanyoyin suka rabu biyu, na sinadari da na ƙarfe. A na sinadari ana tura wani ruwan danƙo ya shiga yashin da ke kewaye da rijiya, a bi shi da wani ruwan da zai share ƙofofin, a bar shi ya daskare ya manne ƙwayoyin a inda suke taɓa juna. Daɗinsa shi ne ba ya rage faɗin bututu, kuma ana iya yinsa da ƙaramin jirgi. Matsalarsa ita ce ruwa yana bin hanya mafi sauƙi: a doguwar rijiya da ke kwance cikin dutse na ɗaruruwan mitoci, danƙon yakan tafi inda ya ga dama ya bar inda ake buƙatarsa. Yana kuma rage ratsawar mai ko yaya, kuma ƙarfinsa yana raguwa da shekaru. Ya fi dacewa da gajeren sashe mai tsabtataccen yashi marar laka da yawa.

A na ƙarfe, idan an san hudar, ana iya saka faci: ɗan bututu mai matsewa a sama da ƙasa, ya rufe sashen da ya lalace, mai ya ci gaba da fitowa daga sauran. In sashen da ya lalace shi ne na can ƙasa, kuma shi ne mai kawo ruwa, sai a toshe shi gaba ɗaya, a rabu da yashi da ruwa lokaci guda, tare da haƙura da man da ya rage a wurin. Ana kuma iya zura sabuwar rariya siririya cikin tsohuwar, wani lokacin har a zuba mata tsakuwa ta cikin bututun fitar da mai ba tare da an cire shi ba. Nan akwai tarko. Sabuwar rariyar dole ta fi tsohuwar ƙanƙanta, kuma tana fuskantar yashin da ke fesowa ta hudar kai tsaye, don haka ta ƙarfe takan cinye da wuri. Wannan ne ya kawo rariyar tangaran, wadda taurinta ya fi na yashi nesa ba kusa ba, sai dai tana da tsada kuma tana buƙatar lallaɓawa wajen saukarwa. Ko wacce aka saka, ƙuntatar hanya tana rage abin da rijiyar za ta iya bayarwa.

Idan duk waɗannan ba za su yi ba, sai babban aiki: a kawo jirgin haƙa, a cire kayan cikin rijiyar, a toshe tsohon gindin da siminti, a huda bangon daga sama a haƙa sabon reshe zuwa wani ɓangaren dutsen, a saka masa sabuwar rariya da tsakuwa. Wannan ne gyaran da ya fi daɗewa, kuma kuɗinsa yakan kusanci na sabuwar rijiya.

Abin da ke sa a yi jinkiri

A kan tudu, mota ce ke kawo kayan gyara bakin rijiya. A tsakiyar teku sai an yi hayar jirgi, kuma hayar jirgin haƙa na ruwa mai zurfi ɗaruruwan dubban daloli ce a rana, ban da jiragen kawo kaya da jirage masu saukar ungulu. Jiragen ba su da yawa a duniya, Brazil da Guyana da Angola da tekun Mexico duk suna layin nemansu. Akwai ƙananan jiragen gyara da suka fi araha, masu iya aikin waya da tura sinadari, amma ba su iya cire bututu ko haƙa reshe. Kawo jirgi daga wata nahiya don rijiya ɗaya ba ya biya, shi ya sa kamfanoni ke tara rijiyoyi da yawa su yi musu aiki a zuwa ɗaya, wadda ta fara lalacewa kuma ta yi ta jira.

Sanyin ƙasan teku ma yana da nasa sharri. Idan ruwa ya haɗu da gas a wannan sanyi da matsi, sukan daskare su zama wata irin ƙanƙara mai toshe bututu, kuma aikin gyara aiki ne na tura ruwa. Dole a riƙa zuba sinadarin hana daskarewa, a kuma tabbatar akwai shinge biyu tsakanin man da teku a kowane lokaci. Tun bayan fashewar rijiyar Macondo a tekun Mexico a 2010, inda mutum 11 suka mutu, ƙa'idojin shiga rijiyar teku suka ƙara tsauri a ko'ina.

Inda aka saɓa

Tsakanin injiniyoyi akwai masu ganin kada a bar ƙwayar yashi ko ɗaya ta shigo, akwai kuma masu cewa a bar kaɗan ya fito, a auna shi, a sa kaya masu jure gogewa, a tace shi a sama, domin yaƙi da kowace ƙwaya yana shaƙe rijiya. Ra'ayi na biyu ya yi aiki a wurare da dama inda kan rijiya yake a sarari ana iya duba shi. A ƙasan teku hujjar masu ra'ayin farko ta fi ƙarfi, saboda canza bawul ɗaya da yashi ya cinye sai an kira jirgi.

Saɓani na biyu tsakanin kamfanoni ne da gwamnati. Kamfani yana auna kowane gyara da sauran wuraren da zai iya zuba kuɗinsa a duniya, kuma yana sane cewa gyara ba shi da tabbas, ana iya kashe miliyoyi yashi ya dawo bayan wata shida. Kamfanonin sun daɗe suna kukan jinkirin amincewa da kwangiloli da tsadar aiki a Najeriya, abin da umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Fabrairun 2024 suka yi nufin ragewa. Gwamnati kuma ganga take so yanzu, domin kasafin kuɗi ba ya jira. A ɗaya gefen akwai masu lura da harkar da ke cewa sassaucin haraji da saurin amincewa suna iya zama ƙofar kumbura kuɗin aiki in babu mai bin diddigi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya watsarwa.

Na uku shi ne gyara ko sabon fili. A Disambar 2024 Shell ya amince da aikin Bonga ta Arewa, wanda ake sa ran zai kai ganga 110,000 a rana. Irin wannan shi ne ke canza alƙaluman ƙasa, amma yana ɗaukar shekaru. Gyaran rijiya ƙaramin abu ne a kansa, sai dai jirgin FPSO yana nan, bututun yana nan, man yana iya dawowa cikin makonni bayan an gama. Ga ƙasar da ke gina kasafi a kan gangar da ba ta haƙo ba tukuna, barin rijiya mai gyaruwa a shaƙe shekara da shekaru hasara ce da ya kamata a riƙa tambayar dalilinta.

Wa ke biya, kuma me ya kai Katsina ciki

Filayen tsakiyar teku suna aiki ne da yarjejeniyar raba abin da aka haƙo. Kamfani ne ke zuba kuɗin aiki. Idan mai ya fito, ana fara cire hakkin mallaka na gwamnati, wato royalti, sannan kamfani ya ɗebi man da zai mayar masa da abin da ya kashe, a cire haraji, ragowar kuma, man riba, a raba tsakaninsa da kamfanin mai na ƙasa, NNPC. Ma'anar wannan ita ce kuɗin gyaran rijiya yana shiga lissafin da ake cirewa kafin riba. In gyaran ya yi kyau kowa ya samu. In ya faɗi, ko aka kumbura kuɗinsa, baitulmali ma ya yi hasara ko da bai fitar da naira ɗaya daga aljihunsa ba.

Royaltin kansa yana da tarihi. A sharuɗɗan 1993, lokacin da ake lallashin kamfanoni su shiga zurfin da ba a taɓa gwadawa ba, filin da ke ruwan da ya wuce mita 1,000 ba ya biyan royalti sam. A Nuwambar 2019 Buhari ya sa hannu a gyaran dokar da ya mayar da shi kashi 10 cikin 100, da ƙari idan farashi ya hau. Dokar 2021 ta tanadi kashi 7.5, ko kashi 5 ga filin da bai wuce ganga 50,000 a rana ba, ga yarjejeniyoyin da suka koma ƙarƙashinta. Tunda royalti a kan gangar da ta fito ake biyansa, duk gangar da yashi ya hana fitowa ta rage shi kai tsaye.

Abin da ya fi shafar jihohi irin Katsina shi ne wata doka ta 2004. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 kan man tudu da na teku, majalisa ta yi dokar da ta ce man da aka haƙo a ruwan da zurfinsa bai wuce mita 200 ba ana lissafa shi a matsayin na jihar da ke gaɓar, ta karɓi kashi 13 cikin 100 nata kafin a raba saura. Man da ke bayan wannan layi ba na kowace jiha ba ne. Abin da ya shiga Asusun Tarayya daga Bonga ko Agbami ko Egina ba a cire masa kashi 13. Ana raba shi ne bisa tsarin da aka sani: kashi 52.68 ga gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi, 20.60 ga ƙananan hukumomi. Tsakanin jihohi kuma kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, saura bisa faɗin ƙasa da harajin cikin gida da buƙatun ci gaba. Katsina tana da jama'a, tana da ƙananan hukumomi 34, Kano ce kaɗai ta fi ta yawansu, kuma kamar yawancin jihohin Arewa kason wata-wata ne ke ɗauke da mafi yawan kasafinta. Albashin malamin firamare a Zango ko Ɓaure, da kuɗin 'yan fansho, da maganin asibitin karkara, daga wannan tukunyar suke fitowa.

Hanya ta biyu ita ce dala. Ɗanyen mai ne ke kawo wa ƙasar mafi yawan kuɗin waje. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 aka kuma saki naira a watan da ya biyo, farashin fetur da taki da kayan gyaran babur da magunguna suna bin dala sau da ƙafa, kuma ɗan kasuwar Jibiya ko Charanci yana jin motsinta kafin a sanar a labarai. Matatar Dangote ma, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta sha shigo da ɗanyen mai daga Amurka saboda na gida bai ishe ta ba.

Kada kuma a zuzuta abin. Gyaran rijiya biyar ko goma ba zai sauke farashin lita a gidan mai na Ƙofar Kaura ba, domin farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya ake yanke shi. Ƙungiyar OPEC ta kuma ƙayyade wa Najeriya ganga miliyan 1.5 a rana, ko da yake wani mai marar nauyi da ke fitowa tare da gas, irin na Akpo, ba ya cikin ƙayyadewar. Tasirin yana zuwa ne a hankali, ta girman abin da kwamitin rabon kuɗin Asusun Tarayya, FAAC, ke rabawa duk wata.

Mai son bibiya yana da inda zai duba. NUPRC tana wallafa alƙaluman haƙar mai na kowane wata, kuma Bonga da Erha da Agbami da Akpo da Usan da Egina kowanne yana da layinsa. Faɗuwa mai tsanani ta wata ɗaya ko biyu wadda ta dawo daidai galibi rufe jirgin FPSO ne don garambawul da aka tsara. Zamewa a hankali shekara bayan shekara ita ce alamar tsufan fili, inda raguwar matsi da ruwa da yashi ke aiki tare. Alƙaluman ba sa bambanta su, kuma ba sa nuna rijiyoyi nawa ne ke shaƙe suna jiran jirgi. Wannan bayanin yana hannun kamfanonin da hukumar, kuma kwamishinonin kuɗi na jihohi da ke zama a taron FAAC, da 'yan majalisar da ke kwamitocin man fetur, suna da hurumin neman a kawo musu shi.